Yatsu Uku a Kan Ginshiƙi

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta bakin shagon Garba tela, nan Hayin Banki, kowa ya zauna sai ya ce, Haladu yaya ƙasar, me suke ci, jirgi nawa ka gani. Nakan ba su labarin burodi da shayi, su yi dariya, sai in yi shiru daidai inda ya kamata in ci gaba. Matata Hajara ce ta ce in zauna in rubuta shi duka sau ɗaya, ko na koma cin abinci kamar da. Iyakar karatuna firamare, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Ba zan faɗi sunan garin ko na kamfanin ba, domin laifin da ke cikin labarin nan nawa ne ni kaɗai.

Ni magini ne. Wanda ya tafi da ni shi ne Injiniya Bitrus, mutumin kudancin Kaduna da ke zaune a Unguwar Rimi. Na san shi tun lokacin da na yi masa katangar gida. Ya ga ina rushe layi biyu na bulo saboda filam ya nuna mini karkata kaɗan, ya tsaya yana kallona, ya ce irina yake nema. Filam shi ne ma'aunin nan namu mai ƙwayar ruwa a tsaka. Daga nan duk aikin da ya samu mai bukatar kankare ni yake kira. Ni na zuba ginshiƙin wata tasha da suka kafa can wajen Mando. Da kamfaninsu ya samu aikin kafa irinta a wani ƙaramin filin jirgi a Nijar, sai ya ce ba zai ba baƙon hannu ba.

Na tambaye shi amfanin tashar, domin ba na son in yi aikin da ban san kansa ba. Ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce jirgin sama yana tambayar taurarin ɗan'adam inda yake, su kuwa sukan faɗa masa da ɗan kuskure, taku kaɗan gabas ko yamma. A sararin sama wannan ba komai ba ne, amma wajen sauka cikin ruwan sama babbar magana ce. Shi ya sa ake dasa tashoshi a ƙasa, ƙasashe daban-daban, kowacce an san inda take tsaye daidai. Su ma suna sauraron taurarin, su ga iyakar kuskuren, su aika ta layin sadarwa zuwa wata babbar kwamfuta a cibiya. Ita ke haɗa maganar tashoshin duka, ta fitar da gyara, a aika wa jirage.

"Turke ne, Malam Haladu," in ji shi. "Irin wanda kake ɗaura igiyar awo. In turke ya gusa me ke faruwa?"

Na ce ginin duka ya karkace. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai, cewa akwai mutane cike da jirgi da za su dogara da simintina.

Mun tashi daga Kawo da sassafe cikin motar kamfani, ni da Injiniya da direba Ɗanladi, mutum mai bakin tsiya. Kafin mu kai Zariya na sa an tsaya sau biyu in duba ko filam ɗina yana cikin akwati. A na uku Ɗanladi ya ƙi tsayawa. Ya ce in ɗauko shi in rungume, in ya so a ɗaura mana aure a Funtuwa. Haka kuwa na rungume shi har Katsina, inda muka kwana a wani masauki. Famfon ɗakina yana ɗiga, na kasa haƙuri na ɗauko sifana na ɗaure shi. Mai masaukin ya yi godiya, Ɗanladi ya ce ga shi nan, wannan ko Aljanna aka kai shi sai ya sami abin gyarawa. Mun yi dariya duka. Yanzu in na tuna maganar ba ta ba ni dariya.

Washegari muka isa iyaka ta wajen Jibiya. Saboda tsoron kada fasfo da katin rigakafi su ɓace, na sa Hajara ta ɗinka mini aljihu a cikin wando ta ɗinke bakinsa ruf. Ban yi tunanin yadda zan fito da su ba sai da jami'i ya miƙo hannu. Dole na ari reza wurin mai shayi, na zagaya bayan gini ina farkar wando, layi yana jirana. A ɓangaren Nijar kuma aka tambaye mu ko muna da abin bayyanawa. Injiniya ya miƙa takardun na'urori aka gama. Ni kuwa na zazzage goro da yaji da dambun naman da Hajara ta yi mini, har da allura da zare, don kada a ce na ɓoye wani abu. Jami'in ya dube ni ya tambayi Injiniya ko kullum haka nake. Injiniya ya ce yau ma da sauƙi.

Daga Maraɗi muka ƙara tafiyar rabin yini. Hausa ce dai ake yi ko'ina, sai dai tasu tana da nauyi a baki, kuma inda mu muke sa Turanci su Faransanci suke sawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har ya yanke mini dadashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rana na take tsaka sai a rufe ofis, kowa ya tafi gida ya kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar. A Kaduna wa zai ba ka wannan? Na yini ina jin kamar ana sata, alhali hutawa kawai ake yi.

Injiniya da Ɗanladi suka sauka a otal cikin gari. Ni na ce a bar ni a filin, domin sabon kankare yana son ruwa safe da yamma kuma ba na yarda wani ya ba shi. Aka ba ni ɗaki kusa da na mai gadi. A nan na san Malam Isufu.

Dattijo ne dogo, siriri, mai rawani, ya fi ni shekaru nesa. Ya daɗe yana gadin wurin har yana gane kowane jirgi da ƙararsa kafin ya bayyana, amma bai taɓa sa ƙafa cikin ko ɗaya ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidansa da na ƙanwarsa da mijinta ya rasu. Ranar farko ya dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, ya ba ni a ƙaramin kofi, mai ɗaci kamar maɗaci. Na kurɓe na yi godiya na tashi. Sai na ga fuskarsa ta canja. Daga baya ya gaya mini cewa shayinsu zubi uku ne, wanda ya tashi bayan na farko kamar ya ce bai son zaman mai gida ne. Na ba shi haƙuri har sai da ya gaji ya ce, "Ɗan'uwa, shayi ne, ba kisan kai ba." Tun daga nan Ɗan'uwa yake kirana, ni ina ce masa Baba.

Kullum daga gidansa ake kawo mana abinci, dambu da kwaɗon zogale wanda suke ce wa kopto, da fura mai nono da yawa. Na ce a bari, ina da abin da zan saya a gari. Ya ce a wurinsu baƙon da ya kwana kusa da ƙofarka ya zama naka, in ya ci a kasuwa an zage ka.

Mun haƙa rami har muka tad da dutse, muka ɗaura rodi, muka zuba. Baba Isufu ne ke riƙe mini bokiti in ina ba ginshiƙin ruwa. Ya tambaye ni ko da gaske jirage za su riƙa tambayar wannan dunƙulen siminti hanya. Na maimaita masa bayanin turke yadda na ji shi. Ya ce ashe a ƙarshen rayuwarsa zai zama mai gadin hanyar sama. Ya ji daɗin abin ƙwarai. Har sharar gindin ginshiƙin yake yi da kansa.

Da kankare ya kama, Injiniya ya ɗaura bututun ƙarfe a kai, ya ɗora eriya, wata aba fara kamar kwanon sha da aka kife. Ya ja waya zuwa ɗakin na'urori. Sannan ya tara mu, da ni da Baba Isufu da shugaban wurin, wani mutum mai gilashi wanda ba shi da mugunta amma yana tsoron na sama da shi. Ya ce za a bar eriyar kwana uku tana sauraro, kwamfutar cibiya tana lissafa ainihin inda take. Cikin kwanakin nan da bayansu, ko ƙuda ya sauka a bar shi. A rana ta farko tsuntsu ya yi kashi a kai, Baba Isufu ya goge da bakin rawaninsa, shugaban ya gan shi ya yi masa faɗa a gaban mutane.

A safiyar rana ta uku, gari ya waye sosai, na fita da filam. Ba ni da niyyar komai. Na ce in ɗora shi kawai a jikin bututun in ga aikina kafin mu tafi. Ƙwayar ruwan ta ƙi zama tsaka. Ta ɗan leƙa gefe, kaɗan. Na juya filam ɗin, haka. Na goge shi, haka. Sai zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Na ga Turawan kamfani sun zo suna cewa wane ne ya yi wannan karkataccen aiki. Na ga jirgi cike da alhazai yana neman hanya ana ba shi karkatacciya. Na san an ce kada a taɓa, amma na ce wa kaina ai ba eriyar zan taɓa ba, bututu ne, kuma gyara ne ba ɓarna ba. Na ɗauko sifana na sassauta noti biyu, na tura bututun har ƙwayar ta zauna. Ina cikin haka ya sulluɓe ƙasa, kamar faɗin yatsu uku. Na yi ƙoƙarin ɗaga shi, ban san ainihin inda yake da ba. Na ɗaure a haka.

Da na juyo, Baba Isufu yana tsaye da buta da kofuna biyu. Ya dubi hannuna, ya dubi bututun. Abin da ya ce kawai shi ne shayi zai huce.

Bayan la'asar aka kira Injiniya a waya daga cibiya. Ina kusa ina ɗaure kaya, domin washegari za mu tafi. Na ji yana cewa ba zai yiwu ba, sannan ya tsaya yana sauraro. Kwamfutar, wadda ke wata ƙasa da ban taɓa gani ba, ta ga tasharmu ta yi tsalle. Ta faɗi ranar, ta faɗi sa'ar, har da yawan gusawar. Sauran tashoshi suna faɗin abu ɗaya, tamu tana faɗin wani, sai ta ajiye tamu gefe. Ban taɓa sanin na'ura tana iya ganin hannun mutum daga wannan nisa ba.

Injiniya ya je ya duba, ya ga sabon ƙarzon ƙarfe a kan noti. Shugaban wurin ya zo. Ya ce cibiya tana son rahoto da sunan wanda ya taɓa. Ya tambaya wa ke wurin a wannan sa'a. Babu wanda ya dube ni. Injiniya da bakinsa ya ce, ban da Malam Haladu, wannan ko allura ba ya ɗagawa sai ya tambaya.

Ina so in faɗi gaskiyar abin da ya riƙe mini baki. Na tuna ba ƙasarmu ba ce. Na ga jandarma, 'yan sandansu, na ga an karɓe fasfo, na ga Hajara tana jira a Hayin Banki. Na ga kamfani ya kori Injiniya saboda ya kawo ni. Kuma, wannan ne ya fi muni, na ji daɗin yabon da ya yi mini yanzun nan, ban so ya janye shi ba.

Shugaban ya juya ga Baba Isufu, ya tuna masa da maganar rawani. Ya tambaye shi ko ya sake taɓawa. Dattijon bai dube ni ba ko sau ɗaya.

"Ni ne mai gadi," ya ce. "Abin da ya faru a wurin nan, a wuyana yake."

Bai ce shi ya yi ba. Na lura da wannan, domin mutum ne da ba ya ƙarya. Amma shugaban ya ɗauka amsa ce. Ya ce ya miƙa makullai ya je gida, sai an neme shi. A gabana ya kwance su daga igiyar wuyansa.

Dole muka ƙara kwana uku aka sake awon daga farko. A cikin kwanakin nan kwanon abinci bai fasa zuwa daga gidansa ba, safe da yamma. Ina buɗewa in rufe. Na kuma gano sifanata ba ta cikin akwati. Na tuna na ajiye ta a gindin ginshiƙi lokacin da na juyo. Na duba wurin, babu. Kuma sifanar tana da jan fenti a wutsiya, kowa a wajen aikin ya san tawa ce. Duk sanda shugaban ya nufo ni sai in ce ga ta nan a aljihunsa. Kullum da safe ina cewa yau zan faɗa, kullum sai in ce bari a gama awo tukuna, kada in ƙara ruɗa Injiniya.

Ranar tafiya muka tarar da Baba Isufu a bakin hanya, wajen shingen filin, tunda ba shi da izinin shiga. Ya gaisa da Injiniya, ya ba shi haƙuri a kan ɓata masa lokaci. Sannan ya miƙo mini ƙullin tsumma ta taga, ya ce tsarabar iyali ce, dabino da ganyen shayi. Na riƙe hannunsa na ce, Baba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Ɗan'uwa. A gaida mai ɗaki." Ɗanladi ya ja mota.

Sai da muka tsallake iyaka na kwance ƙullin. Dabino yana nan, ganyen shayi yana nan. A ƙarƙashinsu ga sifanata, an goge ta tas. Ashe tun a safiyar ya ɗauke ta, kafin kowa ya zo.

Na riƙe ta daga Jibiya har Katsina, daga Katsina har Zariya. Ɗanladi ya yi ta tsokanata cewa na saki filam na auri sifana. Sai da muka wuce Jaji, na ga Kaduna ta kusa, na san in na shiga gida da maganar nan ba za ta ƙara fita ba. Na ce Injiniya, ni ne. Na faɗa masa duka.

Ya sa aka tsaya a gefen titi. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya tambaye ni me ya sa na taɓa. Na ce bututun ya karkata. Ya rufe ido ya ce ai ya ga karkatar tun ranar da ya ɗaura, ba ta da wata illa. Na'urar ba miƙewa take nema ba, tsayuwa wuri ɗaya take nema. Ko a karkace take, in dai ba ta motsa ba, kwamfuta ta san inda take. Ya ce kuma babu jirgin da ya shiga haɗari, domin ba a haɗa tasha da jirage sai an tabbatar da ita.

"Malam Haladu, da ka faɗa a ranar, ni zan sha faɗa, a ƙara kwana uku, shi ke nan. Kwana ukun ma ai mun ƙara su."

Ita ce maganar da har yau ba ta bar ni ba. Duk abin da na ji tsoro babu ko ɗaya da zai faru. Ni baƙo ne na ɗan kwangila, iyaka a yi mini faɗa. Baba Isufu ne kaɗai a wurin da ake iya kora.

Injiniya ya kira shugaban tun daga bakin titin. Washegari ya rubuta takarda ya sa sunana a ciki, na sa hannu. Amma rahoton farko ya riga ya tafi sama, an riga an ɗauki sabon mai gadi, wani ɗan'uwan wani. Shugaban ya ce zai duba, kuma na yarda ya yi ƙoƙari. Bayan wata biyu Ɗanladi ya sake kai kaya can, na haɗa shi da saƙo da shadda da goro. Ya dawo ya ce bai sami Baba Isufu ba. Matarsa ya tarar, ta ce ya tafi arewa neman aikin gadi a wajen masu haƙar ma'adini, inda babu waya, kuma a shekarunsa. Ta karɓi kayan ta yi godiya. Ɗanladi ya ce ta tambaya ko ni ne baƙon nan da ba ya cinye abinci.

Tashar tana aiki yanzu. Injiniya ya nuna mini a kwamfutarsa a Unguwar Rimi, ɗigo kore a cikin ɗigogi, yana faɗin gaskiya tare da 'yan'uwansa. Ya ce ginshiƙin bai motsa ba ko kaɗan, aiki ya yi kyau. Har yanzu yana kirana aiki, kuma bai sake tayar da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

To, Garba da sauran 'yan majalisa, ga abin da ban faɗa muku ba. Dabinon da na raba muku ran da na dawo, kuka ce na Nijar ya fi namu zaƙi, na Baba Isufu ne. Ganyen shayin yana nan ban taɓa ba, domin ban iya dafa shi yadda yake yi ba. Sifanar na mayar da ita cikin tsumman da ta zo a ciki. Na sa Injiniya ya yi mini alkawari in za a koma duba tashar zai tafi da ni, ko ba aikin magini. Ya ce ko na je ba zan same shi ba. Na ce na sani. Amma matarsa tana nan, da ƙanwarsa, da maƙwabtan da suka ji an ce Isufu ya ɓata kayan jirgi. Takardar da na sa wa hannu tana cikin ofis da Faransanci, su ba su gan ta ba. Ina so in tsaya a ƙofar gidansa in faɗa musu da Hausa.